Ranar da Hayaƙi Bai Fito Ba

Daminar bana ta cika shekara goma sha huɗu da rasuwar yayana, Malam Haruna mai ƙiraga, wato fatun shanu, wanda mutanen Potiskum suka fi sani da Haruna Taga. Ba shi ya raɗa wa kansa wannan suna ba, waɗanda suka raɗa masa kuwa ba don yabo suka yi ba. Da yawa daga cikinsu sun bi shi lahira, sauran sun tsufa sun manta dalili. Ni ban manta ba, shi ya sa na roƙi wannan fili a jarida. Ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne. Abin da na gani da idona zan ce na gani, wanda aka faɗa mini kuma zan faɗi wanda ya faɗa.

Mahaifinmu daga Kano ya zo da jakunansa, ya ga garin ya yi masa, ya zauna. Da ya rasu bai bar mana komai ba sai fili da bukkoki uku da ƙanwarsa Gwaggo Dije. Yaya ya fara bin mahauta a kasuwar shanu yana sayen fata ɗaiɗai, ni ina biye da shi ina ɗauka. A haka muka tashi har muka kafa rumfarmu. Abu na farko da mai sana'ar fata ke koya shi ne fata ba ta son rana tsaye a kanta, ba ta kuma son ɗaki a rufe. Inuwa take so da iska mai wucewa. In ka naɗe ta da ɗan danshi ka jefa a lungu, kafin ka waiwayo ta yi wari, gashin ya zube, ɗan kamfani ya ture ta da ƙafa. Wannan mun san shi tun muna samari. Bai taɓa zuwa mana a rai cewa maganar ta wuce fata ba.

Yaya ya auri Yagana, 'yar manoman garin nan. Hausarta da ɗan karkata take fita, shi kuma yakan tsokane ta da haka har ta jefe shi da mafici. Yana son ta fiye da yadda namijin wancan zamani ke yarda a gani. Da ciniki ya buɗe masa, abin da ya fara yi shi ne ya gina mata ɗakin soro. A lokacin duk ɓangarenmu na Dogo Tebo jinka ce, ko'ina ka duba ciyawa. Ya nemo magini daga yamma, aka yi katanga mai kauri, aka jera azara, aka yi daɓe, aka shafe da makuba. Ƙofa ɗaya, sai wani ɗan rami a sama wanda hannu ɗaya ke rufewa. Mata suka riƙa zuwa kallo. Na tuna ranar da aka gama, ya buga katangar da tafin hannu ya ce mini, "Sale, ko ɗigon ruwa ba zai same ta a nan ba."

Ta haihu da damina, mace, aka sa mata Kaltume. Gwaggo Dije ce ta karɓi jego. Masu karatu sun san al'adarmu: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, kunun kanwa, sannan maijego ta hau gadon ƙasa a hura wuta a ƙarƙashinsa, a rufe ɗaki don kada sanyi ya shige ta. Haka aka yi wa uwarmu, haka aka yi wa uwarta. Abin da ba wanda ya tsaya ya lura da shi, su a ɗakin jinka aka yi musu. Ɗakin jinka ko ka toshe ƙofarsa da zana biyu, hayaƙi yana bin ciyawa ya fice, iska tana shiga ta gindin rufi ba tare da ta nemi izinin kowa ba. An ɗauko al'adar bukka an shigar da ita soro, ba a canza mata komai ba.

Itacen damina jiƙaƙƙe ne. Ɗakin ya riƙa cika da hayaƙi, Yagana tana tari, jaririya tana tari, Gwaggo tana barin asabari a ɗage tana mita. Yaya ba shi da ikon shiga, amma yana jin tarin daga zaure. Sai ya tafi maƙera ya sayo buhun gawayin ƙirya, mai kyau, wanda ke ci ba hayaƙi ba tartsatsi. Bai ba ɗan dako ba. Da kansa ya ɗauko a ka ya ratsa unguwa, mutane suna masa dariya. Gwaggo ta sa masa albarka. Tun da yanzu ba hayaƙin da zai dame su, ta cusa tsumma a ramin nan na sama, ta saki asabari, ta jingina tufaniyar rufe ƙofa a bayansa. A ganinta yau ne jego ya yi daidai.

Wata safiya bayan wanka, Yagana ta hau gado, Gwaggo ta goya jaririya ta fita dama kunu. Kafin azahar ta koma da ƙwarya a hannu. Ta tarar da Yagana kwance a gefen dama, hannunta a ƙarƙashin kunci, kamar wadda barci mai daɗi ya kwashe. Ba alamar ta yi kokawa da komai. An ce sanyi ne ya shige ta. Wasu suka yi ta raɗe-raɗin maita. Liman ya ce ajali, kuma gaskiya ya faɗa. Yaya ya zauna karɓar gaisuwa har aka share zaman makoki.

Bayan baƙi sun watse, wata rana da hantsi ya kira ni tsakar gida. Ya nuna mini inuwar katanga ya ce in ta iso bakin rijiya bai fito ba, in fasa ƙofar ɗakin Yagana. Ya shiga ɗakin da ragowar gawayin, ya hura a inda ake hurawa, ya rufe kamar yadda Gwaggo ke rufewa. Na tsaya ina kallon inuwa. Ban taɓa ganin inuwa mai nawa irin ta ranar ba. Ba ta kai rijiya ba na ji tufaniya ta faɗi. Da rarrafe ya fito, ya yi amai a bakin ƙofa, ya daɗe yana riƙe da kansa da hannu biyu. Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Ba sanyi ba ne, Sale. Ba wari, ba zafi a ido, sai dai ka ji kana son ka ɗan kwanta." Sannan ya ce, "A kaina na ɗauko mata shi."

Washegari ya ari gatari ya fasa katangar da ya yi alfahari da ita. Taga ɗaya ta gabas daidai ƙirjin mutum, ɗaya ta yamma can sama kusa da azara, suna duban juna. Ya gitta musu sanduna saboda ɓarawo. Cewarsa iska ba ta shiga inda ba ta ga hanyar fita ba, kuma mugun numfashin wuta ba ya fita sai an ba shi ƙofarsa. Daga nan ya bi sauran ɗakunan gidan. Daga gidanmu ya koma gidajen mutane. In aka gayyace shi suna, kafin ya zauna sai ya ɗaga kai yana bin katanga da ido, ya tambayi maigida ta ina ɗakin maijego ke shan iska. Tambaya ce da ba a yi wa namiji game da ɗakin matarsa. Wasu suka yi fushi, wasu suka ce mutuwar Yagana ta taɓa masa kai.

A kasuwar shanu mahauta suka samu abin yi. Yana isowa sai wani ya ɗaga murya, "Haruna Taga, yau gidan wa za a ɓula?" Wani ya ce, "Ku ɓoye tukwanenku, kada ya yi musu taga." Ba ya fushi. Sai ya ɗaga fatar da ke gabansa ya ce, "Wannan ta saniyar da kuka yanka ce, kuna nema mata inuwa da iska kamar 'yar sarauta. Matarka mai rai ka kulle ta da wuta ka tafi hira. Wane ne mahaukacin a cikinmu?" Su yi dariya, ciniki ya ci gaba. Waɗanda suka ji maganarsa ba su da yawa. Mata sun ce maciji zai shigo, maza sun ce idon mai wucewa zai faɗa kan iyalinsu. A shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna a ƙasar nan, dubagari ya bi gida gida da umarnin Bature a ɓula ɗakuna a kuma rage cunkoso wajen kwana. Na ce masa, to Yaya, ga hukuma ta zo kan maganarka. Ya girgiza kai ya ce tagar da aka buɗe don tsoron ɗan doka, ana jin ya sha kwana za a cusa mata tsumma. Haka kuwa aka yi.

Yau in na bi garin nan ina ganin sababbin gine-gine, sai in riƙa jin kamar yana tafe a gefena. Siminti ya zo, kwano ya zo. Ba zan ɓoye ba, ni kaina yanzu ina sayar da kwano tare da fata, kuma ba ya kwana a rumfata. Mutum zai yi ɗaki na bulo, ya kwantar da kwano a kan katanga ba ko ɗan tsakani, ya sa tagar katako mai fenti shuɗi, sannan ya danna mata sakata ya jingina akwati a bayanta, ba za a sake buɗe ta ba har fentin ya manne. Da bazara ɗakin ya zama tanda, da sanyi a shigo da kasko. Ana ta maganar mulkin kai a rediyo, samari suna cewa zamani ya waye. Ina tsammani da Yaya yana nan ba zai yi gardama da su ba. Zai saurare su har su gama, sannan ya tambayi mai sabon gidan, to ta ina take fita?

Kaltume 'yar fari ce, don haka akwai kunya tsakaninta da ubanta. Bai taɓa kiran sunanta ba. "Yarinyar nan" yake cewa, ko "ta wajen Gwaggo". In ta shigo gaishe shi sai ya kau da kai ya amsa wa bango. In ya sayo mata zane, ni yake ba in kai, a ce daga Baffa Sale ne. Ya sake aure daga baya, zaman bai yi tsawo ba, bai kuma samu wata haihuwa ba. Gwaggo ce ta rene ta har ta yi aure a Gadaka, gidan manoma masu mutunci, mijin da ita ma take so. Da cikin fari ya tsufa aka kawo ta gida kamar yadda aka saba. Damina ce kuma. Ɗakin da ya fi kowane kyau a gidan har lokacin shi ne ɗakin uwarta, nan aka sauke ta.

Yaya a lokacin yana kwance. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana masa wuya, ya daɗe rabonsa da tsayuwa. Ranar da ta sauka, namiji, ya sa aka jawo shimfiɗarsa bakin ƙofar turakarsa, inda yake iya hango tagar sama ta ɗakin. Ya aika aka kira ni.

"Yarinyar nan ta sauka," ya ce.

"Na ji, Yaya. Barka."

"Ka san abin da nake nufi."

"Na sani."

"Gwaggo ba ta yarda ba har yau. Ni kuma ka ga yadda nake."

Gwaggo Dije ba muguwa ba ce, ina so a san wannan. Ta fi kowa son Kaltume. Shekara da shekaru tana kan cewa sanyi ne ya kashe Yagana, ta ɗan ramin nan ya shiga don tsumman bai toshe da kyau ba. Tagogin Yaya kuwa a wajenta ƙofofin mutuwa ne guda biyu. Ni ɗan kasuwa ne, na san kayan da mai shi ba zai sayar ba ko me ka taya. In ta yarda da maganar Yaya, ta yarda ke nan hannunta ne ya rufe ɗakin. Saboda haka ban ɓata bakina wajen lallashi ba.

Da farko gora na samu mai ƙugiya. Ta cusa tsumma daga ciki, in zagaya ta baya in zare. Ta sake cusawa, in sake zarewa. Wata safiya ta tare ni a bakin rijiya.

"Sale, wane ɗan banza ne yake zare mini tsumma?"

"Wataƙila ɓera ne, Gwaggo."

"Ɓera mai gemu, mai yawo da gora. Na yi maka wanka kana tsirara, yau kai za ka koya mini jego?"

Na ga wannan ba za ta fisshe ni ba, don ba kullum nake gida ba. Sai na canza dabara. Na kwashe duk wani gawayi da ke gidan, har na dutsen guga, na kai rumfa. Na hana mai gawayi tsayawa a ƙofarmu. Itacen da nake kawowa na ƙarƙashin gado kuwa, nakan zaɓi wanda bai gama bushewa ba. Ana hurawa hayaƙi ya turnuƙe, Gwaggo ta yi tari ta yi tsaki, da hannunta ta zare tsumman.

"Kai da kake sayen fatun Barno kaf, busasshen itace ne ya gagare ka?"

"Damina ce, Gwaggo. Ko gidan sarki haka suke fama."

"Allah ya shirye ka. Ubanka ma haka yake da taurin kai."

Na san hayaƙi ba abin alheri ba ne ga jariri, amma hayaƙi yana shelar kansa, yana tilasta a buɗe masa. Kowace safiya bayan wanka sai ka ga wani siririn zare yana fitowa ta tagar sama yana hawa. Yaya ba ya karɓar kunu sai ya gan shi. In ya gani sai ya ce, "Ya fito," ya miƙa hannu a ba shi ludayi.

Abin da ya biyo baya ban gani ba. Ranar kasuwa ce, tun da sassafe na tafi. Matata Hassana ce ta faɗa mini, Kaltume kuma ta cika mini sauran daga baya. An yi ruwa da asuba, tsakar gida duk taɓo. Da hantsi surukai suka iso daga Gadaka da kayan barka. Uwar mijin ta samu labari cewa hayaƙi yana wahalar da surukarta, idonta har ya yi ja. Baiwar Allah sai ta haɗo da rabin buhun gawayi. Irin alherin da aka yi wa uwar, shi aka sake yi wa 'yar. Gwaggo ta karɓa da murna, ta zuba a ƙarƙashin gado, ta cusa tsummokaranta, ta saki asabari. Baƙi suka ɗauki jariri suka zauna da shi a rumfar bayan gida suna yi masa wasa. Gwaggo ta zauna a ciki ta jingina da bango don ta ɗan huta.

Yaya yana jira, kunu ya huce a gabansa. Hassana ta zo wucewa da tukunya a hannu, ya ce mata, "Yau ba a hura wuta ba ne?" Ta ce, "An hura, Yaya, baƙi sun kawo gawayi." Ta san labarin Yagana, amma hankalinta yana kan abincin baƙi. Ta ce sai da ta kai madafa ta ajiye tukunya sannan ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta juyo da gudu. Ta hango shi a tsakiyar gida, kwance cikin taɓo, yana jan jiki da gwiwar hannu, ƙafafun nan suna biye da shi kamar ba nasa ba. Mutumin da sai biyu sun kama shi ake juya shi. Bai yi ihu ba, ba shi da numfashin yi. Kafin ta iso ya kai ƙofar. Ya kama gindin asabari ya rataya da nauyinsa har igiyar ta tsinke. Ya ture tufaniya, ya shigar da rabin jikinsa ɗakin da namiji ba ya shiga.

"Kaltume," ya ce. "Kaltume, tashi."

Hassana ta ce matan da suka biyo ta duk suka tsaya cik. Ba su san akwai haɗari ba tukuna. Sunan ne ya tsayar da su. Kaltume kuwa ta ce tana can cikin wani nauyi mai daɗi, ba ta son a taɓa ta, sai ta ji sunanta a cikin muryar da ta sani tun tana goye amma ba ta taɓa jin sunan a cikinta ba. Ta ce ta ɗauka ta riga ta mutu, can ne ake haka. Mamaki ne ya sa ta buɗe ido.

Aka jawo ta waje, ƙafafunta ba sa ɗaukarta, ta yi ta amai. Gwaggo sai da aka ɗauko ta ranga-ranga, aka yi ta yi mata fifita da faifai ana yayyafa ruwa kafin ta motsa. Da aka kira ni daga kasuwa na tarar da Yaya a nan bakin ƙofar, rigarsa duk laka, ya ƙi yarda a ɗaga shi. Idonsa yana kan tagar sama, tsumman yana nan a cushe. Na nufi inda nake ɓoye gorata. Gwaggo da ke zaune a kan turmi ta ce in kawo mata. Ta tashi tana layi, ta zagaya baya da kanta, ta zaro na sama, ta zaro na ƙasa, ta kai su murhu ta tura a wuta. Sannan ta dawo ta tsuguna kusa da shi.

"Haruna," ta ce, "irin ciwon kan nan na yi ranar Yagana, da na sunkuya a kanta. Ban taɓa faɗa wa kowa ba."

"Ni na sayo gawayin, Gwaggo," ya ce.

Iyakar abin da suka ce ke nan, kuma ban sake jin sun tayar da maganar ba. Muka ɗauke shi muka mayar kan shimfiɗa.

Bai kai ganin arba'in ɗinta ba. Jan jikin nan ya ƙarasa abin da ya rage masa. Kwana kaɗan kafin ya cika, Kaltume ta fito ta durƙusa a bakin ƙofarsa da jariri a hannu. Na ɗauka tun da an riga an fasa, zai sake kiran ta. Sai ya juya fuska ga bango kamar yadda ya saba, ya ce mini, "Sale, a ce wa yarinyar nan ta koma ɗaki, ƙasa da sanyi." Ta koma tana hawaye tana murmushi. Sau biyu ya kira sunanta a duniya, duka a numfashi ɗaya.

In aka tambaye ni me ya bari, ba zan yi ƙarya in ce ya canza garin nan ba. Har yanzu nakan ji an ce wance ta kwanta a ɗakin jego ba ta tashi ba, ko wane da matarsa an same su da safe da kasko a tsakar ɗaki, a ce sanyi, a ce tsautsayi. Rumfar fatarsa ni na gaje ta, na kuma faɗaɗa ta, amma wannan kowane ɗan kasuwa yana barin irinsa. Gwaggo ta yi shekara shida bayansa, kuma duk jegon da ta karɓa a unguwa, da gora take zuwa. Kaltume tana Gadaka da 'ya'yanta biyar. In maƙwabciya ta haihu ita ake kira, kuma kafin ta duba jariri sai ta ɗaga kai ta duba katanga. An ce can ma sun fara ce mata 'Yar Taga. Ta ce mini ba ta taɓa samun suna mai daɗinsa ba. Ni kuma duk wanda ya zo sayen kwano, sai na ce masa ya bar tsakani a ƙarƙashin rufi, ya yi taga biyu masu duban juna, ɗaya ta fi ɗaya tsawo, kuma kada a rufe ɗaki da garwashi a ciki ko da uwarsa ce ta ce a rufe. Wasu su ji, wasu su ce Alhaji kawo kwano kawai. Ina ba su. Amma ba wanda ya taɓa fita rumfata bai ji ba.

Ɗakin yana nan. An sha ce mini in rushe shi in yi na bulo, na ƙi. Ba kowa a ciki yanzu, gadon ƙasar ya tsage, ba a hura wuta a ƙarƙashinsa ba tun ranar nan. Na san haka sarai, ni ke riƙe da gidan. Duk da haka in damina ta zo, aka yi ruwa da asuba, na fito da hantsi zan tafi kasuwa, sai in samu kaina a tsaye daidai inda shimfiɗarsa take, kaina a ɗage, ina duban tagar sama. Ba hayaƙi. Sai na taka taɓon nan na je na ɗaga asabarin, na ga ba kowa, sannan nake iya fita.

Allah ya jiƙan Yaya Haruna, ya jiƙan Yagana da Gwaggo Dije, ya yalwata musu makwanci.